Sinadaran Magani a Cikin Tsirrai: Darasi Daga Itacen Darbejiya

Gabatarwa

Babu manomin da bai san cewa akwai itatuwa da ganyaye masu magani ba. An san sassaƙen maɗaci da ɗacinsa, an san bagaruwa a wurin majema, an kuma lura tun tuni cewa ƙwari ba su cika damun darbejiya ba. Abin da ba a faye tambaya ba shi ne, mene ne a cikin itacen yake yin wannan aiki, a wane sashe yake zaune, nawa ne yawansa, kuma me ke lalata shi. Rashin amsar waɗannan tambayoyi shi ke sa manoma biyu a ƙauye ɗaya su yi feshi da darbejiya, ɗaya ya ce ya ga biyan bukata, ɗayan ya ce ɓata lokaci ne kawai. Sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Idan ka bincika za ka tarar na farko ƙwayar 'ya'yan itacen ya daka ya jiƙa a ruwan sanyi, na biyu kuwa ganye ya tafasa, ya yi feshi da tsakar rana.

Wannan darasi an shirya shi ne domin kai malamin gona da kuma manomin da ke son fahimtar abin da yake yi da hannunsa. Maganin da ke cikin tsiro sinadari ne kamar kowane sinadari, yana da awo, yana da mazauni, yana kuma da abubuwan da ke kashe ƙarfinsa.

Dalilin da ya sa tsiro ke ƙera magani

Tsiro yana ƙera abubuwa iri biyu. Akwai waɗanda rayuwarsa ta dogara a kansu kai tsaye, wato sitaci da sukari da mai da furotin, su ne kuma abincin da muke nema a hatsi da wake da gyaɗa. Sai kuma wasu sinadarai da yake yi 'yan kaɗan domin kare kansa. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, ba shi da ƙaho. Idan tsutsa ko akuya ko fumfuna suka far masa, makaminsa shi ne ɗaci ko yaji ko bauri ko wari ko dafi. Waɗannan makamai su ne ɗan Adam ya gano ya mayar da su magani.

Masana sun kasa su gida-gida. Gidan da ya fi shahara shi ne na alkaloyid, masu ɗauke da naitirojin, yawancinsu masu ɗaci ne kuma suna aiki a kan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Cikinsu akwai nikotin na taba, da kafin na goro, da atirofin na zaƙami, da kwinin wanda Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, suka ware daga sassaƙen itacen sinkona a 1820. Ƙasarmu ma tana da nata rabon a wannan tarihi. Daga wani wake mai dafi na yankin Kalaba aka ware sinadarin fisostigmin a 1864, aka yi maganin hawan jinin ido da shi, daga baya kuma masana suka kwaikwayi ƙirarsa suka samar da magungunan ƙwari na dangin kabamet. Haka nan magungunan feshi irin su saifametirin da deltametirin kwaikwayo ne na sinadarin furen fairetiram da ake nomawa a Kenya.

Gida na biyu shi ne na tafin. Yawancin ƙanshin ganye da ɓawon lemo daga nan yake, kuma da yawa daga cikinsu suna bin iska idan suka ji zafi. Ɗacin darbejiya da na maɗaci daga wani reshe na wannan gida yake, mai suna limonoyid, domin itatuwan biyu dangin juna ne.

Gida na uku shi ne na fenol. A nan tanin yake, wato baurin da ke cikin bagaruwa. Aikinsa shi ne kama furotin ya ɗaure shi, shi ya sa yake hana fata ruɓewa a majema, shi ya sa kuma yake rage tsutsar ciki ga awaki idan suka ci ganye mai bauri daidai kima. Idan ya yi yawa sai ya ɗaure furotin na abincin dabbar ita ma, ta rame. Jan launin zoɓorodo ma na wannan gida ne. Ɗiga ruwan kanwa a cikin kofin zoɓo ka ga yadda jan zai juye ya yi duhu nan take. Ka riƙe wannan gwaji a ranka, domin za mu koma kansa.

Sinadarin da sai an daka yake fitowa

Akwai wata dabara ta tsirrai da ya kamata ka sani kafin mu shiga batun darbejiya. Wasu tsirrai suna ajiye sinadarai biyu a ɗakuna daban-daban cikin jikinsu, ba sa haɗuwa sai an tauna ko an daka. Tafarnuwa tana daga cikinsu. Ƙwayarta idan ba a fasa ba warinta kaɗan ne. Da zarar an daka sai sinadarin aliyin ya haɗu da wani mai sarrafa shi, a samu alisin, wanda shi ne mai warin kuma mai kashe ƙwayoyin cuta. An fara ware shi a Amurka a 1944. Ba ya daɗewa, wuta kuma tana lalata mai sarrafa shi, saboda haka tafarnuwar da aka jefa a tukunya ba tare da an daka ba ta rasa yawancin wannan ƙarfi.

Rogo mai ɗaci ma haka yake, sai dai abin da yake fitarwa dafin sayanayid ne. Gurza rogo da jiƙa shi kwana uku zuwa huɗu da matsewa da suya ko shanya duk hanyoyi ne na barin dafin ya fito ya bi iska, tun da yana zama tururi a zafin da bai wuce digiri 26 ba. Ma'aunin da duniya ta amince da shi a garin rogo shi ne kada dafin ya wuce miligiram 10 a kilo ɗaya. Wannan dafi ɗin dai shi ne a cikin gyauron dawa da ƙaramar dawa da fari ya kama, wanda makiyaya suka daɗe da sanin yana kashe shanu.

Darbejiya

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, a Nijar kuma bedi, asalinta daga Indiya da Bama take. An fara dasa ta a lardin Borno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama itacen inuwa na kusan kowane gari a Arewa.

A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da farin dango suka sauka. Ya lura sun cinye kusan duk wani kore amma sun bar darbejiya. Suna sauka a kanta, su tashi ba su ci ba. A 1968 Butterworth da Morgan na Jami'ar Keele a Ingila suka ware sinadarin da ke hana farin ci daga ƙwayar 'ya'yan itacen, suka sa masa suna azadiraktin. Ƙirarsa tana da sarƙaƙiya ƙwarai. Sai a 2007 Steven Ley da abokan aikinsa a Kambirij suka iya haɗa shi a ɗakin bincike, bayan shekara 22 suna ƙoƙari, kuma hanyar ta yi tsadar da ba za a yi ciniki da ita ba. Saboda haka duk azadiraktin da ke cikin kwalaben da ake sayarwa daga itace aka samo shi, irin wanda ke zubar da 'ya'ya a ƙofar gidanka ana sharewa.

Yadda yake aiki ya bambanta da na maganin kanti, kuma rashin sanin wannan shi ne babban abin da ke sa manoma su yanke ƙauna. Tsutsa ba ta girma sai ta yi saɓa, wato ta tuɓe tsohuwar fata ta yi sabuwa, sau da dama kafin ta zama malam-buɗe-littafi. Akwai wani sinadari a jikinta mai ba da umarnin saɓar. Azadiraktin yana rikita wannan umarni, sai tsutsar ta kasa fita daga fatarta, ko ta fito a naƙashe, ta mutu. Kafin nan kuma ya riga ya sa ta daina ci, ya kuma rage yawan ƙwan da manyan ƙwari ke yi. Ke nan idan ka yi feshi yau ka koma gobe, za ka iske tsutsar tana nan da ranta. Kada ka ƙirga gawa. Dubi sabon ganye ka ga ko ana ci gaba da cinsa, sa'annan ka sake dubawa bayan kwana huɗu zuwa bakwai.

Daga wannan bayani za ka gane da kanka inda darbejiya ta fi ƙarfi. Ta fi tasiri a kan ƙananan tsutsotsi masu cin ganye da 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba, domin su ne ke da saɓa a gabansu. Tana taimakawa a kan tsutsar kabeji, da tsutsar fure da kwanson wake, da ƙwarin darɓa, da tsutsar masara mai cin tsakiya wadda aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, muddin an same ta tana ƙarama. Babban ƙwaro da ya gama saɓa, irin masu tsotse kwanson wake, ba ta cika yi masa illa ba. A ganina kuskure ne malamin gona ya gaya wa manomi cewa darbejiya za ta maye gurbin kowane magani a kowane hali. Idan ƙwari sun riga sun mamaye gonar wake tana tsakiyar fure, jiƙon darbejiya shi kaɗai sau da yawa ba ya kamo maganin kanti. Amfaninta yana ga wanda ya fara da wuri, da mai lambun da ke tsinkar ganye da tumatir kowane mako, da wanda kuɗin magani ya gagara.

Inda sinadarin yake da abin da ke kashe shi

Azadiraktin ya fi taruwa a ƙwayar da ke cikin ƙwallon ɗan darbejiya. Kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya yakan ƙunshi kamar giram 2 zuwa 6, gwargwadon itace da ƙasa da yadda aka adana. A ganye ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ganyen yana da wasu sinadarai masu ɗaci da ke ɗan korar ƙwari, shi ya sa ake shimfiɗa shi a rumbu, amma ba ya kusa da ƙwaya wajen ƙarfi.

Abokan gabarsa huɗu ne: hasken rana, zafi, laima, da kanwa ko toka. Hasken rana yana wargaza shi a kan ganye cikin 'yan kwanaki. Tafasawa tana lalata shi, don haka ba a dafa maganin darbejiya. Laima tana kawo fumfuna a ƙwayar, ta cinye ƙarfinta, ta kuma iya haifar da dafin aflatoksin irin wanda ke kama gyaɗa. Game da kanwa kuwa, ka tuna yadda ta juya launin zoɓo. Haka take taɓa azadiraktin, sai dai a nan ido ba ya ganin ɓarnar. Wasu manoma kan zuba toka ko kanwa a jiƙon wai don ya ƙara kaifi, alhali rage shi suke yi.

Duk ƙa'idojin haɗa maganin daga waɗannan abubuwa huɗu suka fito. Tara 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, waɗanda ba su daɗe da faɗowa ba. Wanke naman da ke jikinsu a ranar, domin shi ke jawo fumfuna. Shanya ƙwallon a inuwa mai iska, a kan tabarma, a riƙa juyawa har ya bushe sarai. Zuba a buhun algarara ko kwando, kada a sa a leda, a ajiye a wuri mai sanyi da ba ya taɓa ƙasa. A bar shi da ɓawonsa sai ranar da za a yi amfani da shi. Ƙwallon da ya haura wata takwas zuwa goma a ajiye ƙarfinsa ya ragu, saboda haka a riƙa tara sabo kowace shekara.

Ranar haɗawa, a sussuka ƙwallon a turmi a hankali, a sheƙe ɓawon, a tsince duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a zubar. A daka mai kyau ta yi laushi. Awon shi ne giram 50 na garin ga kowace lita ɗaya ta ruwa, wato giram 750 ga injin feshi na goyo mai cin lita 15. Idan kadada ɗaya ta ci lita 200, ana bukatar kilo 10. Nemi sikeli ka auna sau ɗaya a gaban manoma, ka nuna musu inda awon ya tsaya a gwangwani ko kwanon da suka saba da shi, domin mudun wannan kasuwa ba ɗaya yake da na waccan ba.

A jiƙa garin a ruwan sanyi ya kwana, a cikin inuwa, a rufe. Azadiraktin ba ya narkewa a ruwa da sauri, shi ya sa ake ba shi dare guda, kuma duk da haka ruwa ba ya kwashe shi duka. Kamfanoni da sinadarin barasa suke tatsarsa. Washegari a motsa, a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada bakin injin ya toshe. A narka ɗan sabulu kaɗan a zuba dab da feshi domin ruwan ya kama ganye. Kada a cika shi, tun da sabulu ma yana da halin kanwa. A yi feshi da yamma bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, ƙudan zuma sun koma, tsutsa kuma ta fara fitowa ci. A jiƙe ganye sama da ƙasa, a masara kuwa a auna tsakiyarta inda sabon ganye ke fitowa. A maimaita bayan kwana bakwai, ko da wuri idan ruwan sama ya wanke. Jiƙon da ya rage kada a ajiye shi don mako mai zuwa, a zuba shi a gindin shuka tare da tukar.

Mai da tunkuza

Kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne. Ana matse shi kamar yadda mata ke matse man gyaɗa, a riƙa yayyafa ruwa kaɗan ana murzawa. Mililita 2 zuwa 3 na man ya ishi kilo ɗaya na wake, wato mililita 200 zuwa 300 ga buhu mai kilo 100, a cuɗa sosai har kowace ƙwaya ta samu. Man yana toshe ƙwan ƙwaron wake ya hana shi ƙyanƙyashewa. Ya fi dacewa da waken iri, domin yana barin ɗaci sai an wanke da ruwan ɗumi kafin dafawa. Waken ci da na sayarwa kuwa, buhu mai ruɓi uku na PICS da aka fara yaɗawa a 2007 ya fi sauƙi.

Kada a zubar da tunkuzar. Yawancin azadiraktin a cikinta yake zama bayan an matse mai, don haka ana iya jiƙa ta a yi feshi. Idan aka gauraya ta da ƙasa tana zama taki, tana rage ƙananan tsutsotsin da ke sa saiwar tumatir da kuɓewa ƙulli-ƙulli, tana kuma jinkirta zurarewar naitirojin na takin yuriya. Saboda wannan hali na ƙarshe gwamnatin Indiya ta wajabta a 2015 a riƙa shafa man darbejiya a jikin yuriyar da ake yi a ƙasar.

Suna ɗaya, ƙarfi daban

Ko an bi duk ƙa'ida, tsirrai biyu masu suna ɗaya ba lallai su zo da ƙarfi ɗaya ba. Magimfa, wadda aka sani da kashe kifi da ƙwari, misali ce mai kyau. Ƙarfinta daga dangin sinadarin rotinon yake. Wani bincike a Malawi da aka buga a 2012 ya gano iri biyu ne masu kama da juna, kuma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na tsirran da aka auna ba su da wannan sinadari sam. Manomin da ya shuka irin na biyu zai yi ta feshi a banza. Sarrafawa ma tana canza sinadari: idan aka shanya citta, wani ɓangare na jinjarol ɗinta yakan koma shogol, wanda ya fi shi yaji, shi ya sa busasshiyar cittar Kachiya ta fi ɗanya zafi. Magimfa dai a nisanta ta da rafi da kududdufin kifi, kada kuma a wanke injin feshinta a can.

Gargaɗi game da sha

Manoma za su tambaye ka game da shan waɗannan itatuwa, kuma nan ne rashin tabbacin awo yake zama haɗari. Atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti, daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo shi. Tu Youyou da abokan aikinta sun yi nasara a 1971 bayan sun bar tafasawa sun koma tatsa a ƙaramin zafi, suka ware sinadarin a 1972, ta kuma samu lambar Nobel a 2015. Amma yawansa a ganye yana bambanta ƙwarai daga tsiro zuwa tsiro, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka mai shan shayinsa bai san nawa ya sha ba. Awon da bai kai ba yana kwantar da zazzaɓi ya bar ƙwayar cutar da rai, ya kuma ba ta damar sabawa da maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ba ta goyon bayan amfani da ganye ko shayin wannan tsiro a matsayin maganin zazzaɓin cizon sauro. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.

Man darbejiya kuwa ba na sha ba ne. Likitoci a Maleshiya da Indiya sun ba da rahoton jariran da aka ɗura wa shi suka kamu da amai da jijjiga da suma, wasu suka rasu. Mace mai ciki ma ta guje shi. Zaƙami ya fi wannan haɗari, domin tazarar da ke tsakanin awon da ke gusar da hankali da wanda ke kisa kaɗan ce, kuma tana canzawa daga ƙwallo zuwa ƙwallo. Turmin da aka daka maganin ƙwari a ware shi daga na abinci, a ajiye jiƙo da mai inda yara ba za su kai ba, kada kuma a zuba su a gorar lemo ko ta ruwan sha.

Gonar gwaji

Idan za ka nuna wa manoma, raba fili kashi uku masu girma ɗaya: guda a fesa masa jiƙon ƙwaya, guda dafaffen ganye kamar yadda wasu suka saba, guda a bar shi haka. Yi alama a kan shuka goma a kowane kashi, ka ƙirga ganye da kwanson da aka ci kafin feshi, da kuma bayan kwana bakwai, manoman su yi ƙidayar da kansu. Rubuta watan da aka tara ƙwallon, da awon da aka jiƙa, da lokacin da aka yi feshi, domin idan sakamako bai yi kyau ba a cikin waɗannan uku za ka fara neman dalili. Lokacin girbi a auna amfanin kowane kashi daban, a kan sikeli ɗaya.